Daga Kano zuwa Jidda: Nisan da Taswira Ba Ta Nunawa



Idan aka samu taswirar duniya mai siffar ƙwallo, aka miƙa zare daga Kano zuwa Jidda, za a ga ya ratsa Chadi da Sudan, sannan ya haye Bahar Maliya. Tsawon wannan hanya kimanin kilomita 3,400 ne, kuma babu wadda ta fi ta kusa. Jirgin fasinja yana cin kilomita 850 ko fiye a awa guda, don haka idan aka bi ta kai tsaye, alhazanmu kan sauka cikin awa huɗu zuwa biyar.

Wannan tazarar ce kakanninmu suka taka da ƙafa da jakuna da raƙuma. Daga Kano su nufi Borno, su shiga Wadai da Darfur, su bi ta Fashar da Ubayyid har bakin Kogin Nilu, daga nan sai Sawakin inda ake shiga jirgin ruwa. Wani ya shekara biyu, wani goma, yana noma ko ƙwadago a hanya don ya tara guzuri. Da yawa sun zauna can dindindin. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda mabiya Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, yana nan har yau. Jiragen sama na farko da suka sauka a Kano a 1925 ma ta Sudan suka biyo daga Masar.

Jama'a, a nan nake so mu tsaya. Sararin sama yana da iyakoki. Kowace ƙasa ita ke da iko da samanta, kuma jirgi ba ya ratsawa sai da izini, tare da ma'aikatan da za su yi masa jagora daga ƙasa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, an rufe samanta. Jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kuɗin jigila ya tashi. Manomin da ya shekara goma yana tara kuɗin kujera ya ji zafin yaƙin da ake yi a Hartum, alhali bai taɓa ganin garin ba.

Saboda haka ina kira ga masu tsara jigilar alhazai da su riƙa tanadin hanya ta biyu da kuɗinta tun kafin a yanka farashin kujera. Gwamnatocinmu kuma su ɗauki sulhun Sudan da muhimmanci, domin 'yan'uwanmu na jini suna can, kuma hanyarmu ta zuwa Ɗakin Allah ta kansu ta bi.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.