Sunan Gidanku, Wa Ya Raɗa Shi? Jawabi Ga 'Yan'uwa Hausawa Mazauna Gomari

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, da matasa 'yan'uwana, ina yi wa kowa barka da zuwa. Allah ya saka wa waɗanda suka shirya wannan zama da alheri.

An ɗora mini nauyin in yi magana a kan yadda mutum zai bi diddigin sunan gidansu ta hanyar takardun da ake da su a garin nan. Wani zai ce, yo malam, ana fama da abin sawa a bakin salati, wa ke ta neman sunan kakansa? To, a yi haƙuri a saurara. Wannan magana ta shafi gado, ta shafi fili da gida, ta shafi kuɗin sallamar iyayenmu da suka yi aikin kamfani, ta kuma shafi amsar da ɗanka zai bayar ranar da aka tambaye shi, kai ɗan wane ne, tun yaushe kuke garin nan?

Abu na farko da ya kamata mu gane, Bahaushe bai gaji abin da Turawa ke kira sunan dangi ba. Mu a wurinmu yaro sunansa ne da na ubansa, kuma haka addini ya koyar, a jingina ɗa ga mahaifinsa. Idan shi ma ya haifa, sai sunansa ya koma baya, na kakan ya faɗi. Ke nan kowane ƙarni sunan gida sauyawa yake yi. Sunan da ka ga ya tsaya a bayan mutum bai motsa ba, galibi wani mai riƙe da alƙalami ne ya tsayar da shi: malamin makaranta, ko akawun kamfani, ko mai ɗaukar soja.

Ku dubi manyanmu. Shagari ba sunan mahaifin Alhaji Shehu Shagari ba ne, sunan garinsu ne. Haka Tafawa Ɓalewa, haka Malam Aminu Kano, haka Malam Sa'adu Zungur. Makarantun boko na wancan lokaci suna haɗa yara daga larduna daban-daban, Muhammadu biyar a aji ɗaya, sai a bambance su da garuruwansu. Alhassan Ɗantata kuwa, wanda ya rasu a 1955, sunan ya samo asali ne daga Tata, matar da ta rene shi, ga shi yau ya zama sunan zuri'a guda. Kun ga ashe sunan gida yana iya zama gari, ko sana'a, ko laƙabi.

Mu nan Barno kuma muna da ƙarin wani abu. Mun zauna da Barebari shekara da shekaru, harshensu ya shiga sunayenmu. Bari in ba da misali kawai. A ce mutum sunan yankansa Abubakar, mahaifinsa Usman, ya taso daga ƙasar Kano. A gida Garba ake ce masa, ko Habu. Ya zo Yerwa, maƙwabta suka mai da shi Bukar. A wurin aiki akawu ya rubuta Garuba Kano. A takardar fili Bulama ya sa Bukar Afuno, domin haka Barebari ke kiran Bahaushe. A fasfon hajji ya fito Abubakar Shehu, tun da kowane Usman Shehu ne. Mutum ɗaya, suna huɗu. Haka Muhammadu ke zama Mamman ko Modu, Fatima ta zama Falmata. Ga kuma alkunya: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, wanda ya ci sunan kaka kuwa Abba ne ko Baba har ya tsufa. Jikan da ya je ofis da suna ɗaya tal yana neman fayil, wallahi zai dawo hannu rabbana, alhali fayil ɗin na nan a ajiye.

Saboda haka aikin ba daga ofis yake farawa ba, daga ɗakin tsohuwa yake farawa. Ku zauna da kaka, ko gwaggo, ko tsohon abokin aikin mahaifinku. A tambayi sunan yanka, da laƙabi, da sunan da ake kiransa a wurin aiki, da garin da ya fito, da unguwa, da sunan mai unguwar. A rubuta duka, ko a ɗauka a waya. Mata sun fi mu riƙe zumunci, su suka san wa ya auri wa. Kada a nemi shekara a bakinsu, a nemi abin da ya faru: kafin jirgi ya zo ne ko bayan zuwansa? Kafin yaƙin basasa ko bayansa?

Abin da ya sa na ce haka, tarihin garin nan yana da turaku da za a ɗaura lissafi. An kafa Yerwa a 1907, lokacin da Shehu Garbai ya baro Kukawa. Tun daga farko akwai Hausari, akwai fatake da almajirai masu zuwa gabas neman karatu, akwai maniyyata masu bin ƙasa ta Fort Lamy zuwa Sudan, waɗanda wasunsu guzuri ya ƙare suka zauna. Jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, ya zo da ma'aikatan reluwe da 'yan dako da masu harkar gyaɗa da fatu. A 1967 garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa Maso Gabas, aka shiga gine-gine, aka nemi birkiloli da kafintoci da direbobi. Sunan Gomari Kostin da kansa sunan kamfanin gini ne ya bi unguwa. Daga baya ga kamfanin fulawa, ga na takalma da jima na Neital, ga na bulo. Kowane gida a cikinmu, idan aka bincika, ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi ya shigo.

Takarda ma tana faɗin shekarunta ko ba a rubuta ba. Rasit ɗin da ka ga fam da sule a jikinsa, ya girmi 1 ga Janairu 1973, ranar da naira ta fito. Wadda ke ɗauke da kan sarkin Jihar Arewa Maso Gabas, tsakanin 1967 da 1976 aka yi ta. Wadda ta ambaci En'e, ta riga gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Idan kuma kuka ga Nguru ko Potiskum a ƙarƙashin Jihar Barno, to kafin 1991 ne, shekarar da aka cire Yobe.

To, ina za a duba? A fara da akwatin gida. Rasit ɗin haraji, katin aiki, takardar sallama, tsohon fasfo, katin asibiti, takardar cinikin fili. Kada a manta da jakar littattafan malam. Iyayenmu da yawa a gefen takardun karatunsu suke rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da ajami, da watan Musulunci.

Sai takardun wurin aiki, waɗanda su ne suka fi amfani ga mai neman haƙƙi. Ma'aikacin kamfani lamba gare shi, kuma lamba ba ta sauyawa ko da suna ya sauya. Tun 1961 gwamnati ta kafa asusun ajiyar ma'aikatan kamfanoni, wanda aka sani da N.P.F., ana yankar albashi ana zubawa, har dokar 1993 ta maye gurbinsa da N.S.I.T.F. Duk wanda ya ga katin wannan asusu a kayan mahaifinsa, ya riƙe shi da kyau. Haka lambar fansho ta reluwe, da katin ƙungiyar ƙwadago. Darasi na nan a Kakuri ta Kaduna: masaƙar K.T.L. da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ma'aikata da yawa suka rasu suna jiran haƙƙinsu, aka bar magada da neman hujja. Kamfani yana mutuwa kamar mutum, kuma idan ya mutu, gara da ruwan sama ke gadon fayilolinsa. Wanda ya riƙe tasa takardar a gida shi ke da bakin magana.

Na uku, rajistar makarantar firamare. Littafin ɗaukar ɗalibai yana da sunan yaro, da na uba ko mai riƙo, da shekarar shiga. Sau da yawa a nan ne za ka kama inda suna ya karkace, domin yaron da kawunsa ya kai shi makaranta, sunan kawun aka liƙa masa.

Na huɗu, kotun alƙali da gidan Bulama da Lawan. Inda aka taɓa rabon gado a gaban alƙali, an jera magada ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Takardar fili kuwa tana da shaidu da maƙwabta na gabas da yamma, kuma zuri'arsu na iya tabbatar da cewa Bukar Afuno da Garba Kano mutum ɗaya ne.

Mai son ya zurfafa, akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, inda aka tara fayilolin Lardin Barno na zamanin Turawa, akwai Gidan Arewa, akwai kuma sashen tarihi na Jami'ar Maiduguri. Sai dai kada a ci buri da yawa. Rahoton Bature ya fi ambaton hakimai da dagatai da jimillar haraji, ba kasafai yake kawo sunan talaka ba. Abin da zai ba ka shi ne labarin unguwa da sana'a da lokacin da aka zo. Daga nan sai tattaki zuwa garin asali, da jerin sunayen a hannu, a gaida mai unguwa da liman.

Jama'a, abin da ya sa nake cewa a gaggauta, mun gani da idonmu. Kasuwar Monday ta ƙone a Fabrairun 2023. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da sauran unguwanni, kamar yadda ya yi a 1994. Takardun da aka yi shekara hamsin ana ɓoyo sun zama kunu a dare ɗaya. Su kuma tsofaffin da za su maye gurbin takarda da baki, kullum rakiyarsu muke yi zuwa makwanci.

Ga shawarata ga shugabanni. Ƙungiya ta buɗe littafi guda, kowane gida shafinsa: sunan magidanci da duk laƙabinsa, mahaifinsa, kakansa, garin asali, sana'ar da ta kawo shi, da lokacin zuwa. A samu matasa biyu ko uku masu karatun boko da ajami su bi gida-gida. Kowace tsohuwar takarda a ɗauki hotonta, a ajiye kwafi a wani gida daban, ta asalin a sa ta a leda a ɗora a sama. Sannan kowane uba ya tsayar da suna ɗaya da rubutu ɗaya ga 'ya'yansa duka, tun daga takardar haihuwa har katin ɗan ƙasa da lambar banki, domin na'ura ba ta san Garba shi ne Abubakar ba. Inda aka riga aka sami saɓani, a je kotu a yi takardar rantsuwa tun shaidu na raye. Kuma abin da aka tarar a rubuta shi yadda yake. Idan kaka ɗan dako ne a tashar jirgi, a rubuta ɗan dako, da guminsa aka sayi filin da muke zaune a kai.

Allah ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya ba Barno dawwamammen zaman lafiya.