Gyaran Ƙaramin Gida Don Zaman Tsufa

An shirya wannan jawabi ne domin hakimai da malamansu, saboda su ne ake kira su shaida in za a raba gida ko za a sayar da wani sashe nasa, kuma maganarsu tana da nauyi ga magada. Abin da jawabin ya ƙunsa shi ne yadda za a gyara gidan da ya ƙanƙance, har tsoho ko tsohuwa su zauna a cikinsa da jin daɗi da mutunci zuwa ƙarshen kwanansu.

Yadda Gida Ke Ƙanƙancewa

Ta hanya uku gida ya fi ƙanƙancewa a ƙasar nan. Ta farko, ma'aikacin gwamnati ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, ya yi ritaya, ya fita daga gidan hukuma ya koma ɗan gidan da ya gina. Ta biyu, 'ya'ya su girma su watse, maigida ya sayar da rabin gidan ko ya sa 'yan haya. Ta uku, maigida ya rasu a raba gado, matarsa ta sami tumuninta, watau kashi ɗaya cikin takwas in akwai 'ya'ya, ta zauna a ɗaki ɗaya ko biyu.

A duk ukun nan akan ja sabuwar katanga, kuma wurin jan katangar nan ake yin ɓarna. Sau da yawa akan auna ƙasa daidai wa daida, amma rijiya ta faɗa wancan sashe, masai ya koma can ƙuryar gida, zaure ya zama na wani. Mai shekara 55 ba zai ga aibin wannan ba. Ran da ya kai 75, gwiwa ta ƙi, ido ya dushe, sa'an nan zai gane an raba shi da abubuwan da ba ya iya kwana ɗaya ba su. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Lokacin gyara shi ne ranar rabo, sa'ad da akwai kuɗin sallama ko na cinikin fili a hannu, kuma magini yana wurin.

Haɗarin Faɗuwa

Babban abin tsoro ga tsoho a cikin gidansa shi ne faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa mutane wajen 684,000 ke mutuwa kowace shekara saboda faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Rahoton da ta fitar a 2007 ya nuna cewa cikin mutum 100 masu shekara 65 zuwa sama, tsakanin 28 da 35 sukan faɗi a shekara. Ƙashin tsoho ba shi da ƙwari, musamman na mace. In ƙugu ya karye, ɗorin gida ba ya isa, aikin asibiti ne, kuma da yawa ba sa sāke tashi da ƙafarsu.

Don haka abin da za a fara aunawa shi ne hanyar da tsoho ke bi kullum: daga gado zuwa makewayi, zuwa wurin ruwa, zuwa ƙofar gida. Hanyar nan ta zama gajeriya, shimfiɗaɗɗiya, mai haske, mai abin dafawa. Sauran gyara duk a bayan wannan yake.

Ƙofa Da Daɓe

Magina sun saba ɗaga dokin ƙofa don kada ruwan sama ya shiga ɗaki, ga shi kuwa shi ne ya fi tuntuɓe da tsofaffi da dare. Maganin abin shi ne a sauke shi, a yi wa tsakar gida gangara zuwa rariya, ruwa ya sami hanyarsa. In ɗaki ya ɗara tsakar gida tudu, a yi gangara maimakon matakala. Ƙa'idar da aka sani ita ce kowane inci ɗaya na tudu a ba shi ƙafa ɗaya ta tsawo, watau tudun inci 6 yana bukatar gangara mai ƙafa 6. Faɗin ƙofa ya kai ƙafa 3, domin keken marasa lafiya ya wuce, ko mutum biyu su tallabi na uku.

Tayil mai sheƙi yana da kyaun gani, amma in ruwan alwala ya zuba a kansa ya fi laka santsi. Daɓen gargajiya ko siminti mai ɗan kaushi ya fi aminci. Ledar ɗaki da bakinta ya naɗe, da ƙananan dardumai, da wayar lantarki a ƙasa, duk a kawar da su daga hanya. Gado kuma ya zama tsayinsa daidai gwiwa, yadda in an zauna a bakinsa tafin ƙafa zai taɓa ƙasa.

Makewayi Da Ruwa

Tsuguno shi ne abin da ke fara gagarar tsoho. A ɗora wa masai mazauni mai tsayin inci 17 zuwa 19, ko na kanti ko wanda birkila ya gina da bulo, ko kuwa kujerar katako mai huda da kafinta zai yi. Mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a gefe. A ginin ƙasa, ƙarfen nan a dasa shi cikin daɓe da kankare, gama bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa in an rataya masa nauyin mutum. A yi ɗan dakali na zama don wanka da alwala. Ƙyauren makewayi ya riƙa buɗewa ta waje, domin in mutum ya faɗi a ciki jikinsa kada ya tokare ƙofa.

Akwai wani haɗari da ƙanƙancewar gida ke jawowa. Malaman tsabta suna neman a bar tazarar ƙafa 100, watau mita 30, tsakanin salga da rijiya. Gidan da aka raba uku da wuya ya sami wannan fili. In haka ta faru, a daina shan ruwan rijiyar, a bar shi don wanki, a jawo famfo ko a ajiye randa mai murfi kusa da ɗakin tsoho. Bakin rijiya a ɗaga shi a yi masa marfi.

Zafi Da Sanyi Da Haske

Jikin tsoho ba ya jure zafi kamar na yaro, kuma ba ya saurin jin ƙishirwa. A watan Afrilu na 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, wadda yanayinta ya yi kama da namu, kuma tsofaffi na cikin waɗanda suka fi mutuwa. Ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin tanderu ne da bazara. Soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana jinkirta shigar zafin rana, saboda haka wanda ke da shi kada ya yi gaggawar rushewa. In kwano ne, a sa silin, a buɗe taga biyu masu fuskantar juna, a yi rumfa ta yamma, a dasa darbejiya nesa kaɗan da bango don saiwarta.

Da hunturu kuma a kiyayi shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa, haka nan janareta a kusa da taga. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mai barci.

Hasken da ke isa cikin idon mai shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa idon mai shekara 20 ba. A shafa wa ɗaki farar ƙasa, a sa fitila mai aiki da hasken rana a hanyar makewayi, makunni kuma ya kasance inda hannu zai kai daga kan gado.

Ado Da Mutunci

Gyara don tsufa bai hana gida kyau ba. Ƙasar da ta haifi Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, ba ta rasa magina masu iya zanen dagi a fuskar zaure da zankwaye a kan soro ba. Bangon ƙasa a yaɓe shi da makuba, ko da laso wanda ake haɗawa da katsi da gashin jima da dafara. Siminti a kan ƙasa yakan ɓamɓare ya tara ruwa a bayansa. A duba indararo kafin kowace damina.

Kayan da suka cika babban gida ba za su shiga ƙarami ba. A bar tsohuwa ta zaɓi abin da za ta riƙe cikin jerenta da kanta, a jera shi daidai ƙirji inda ba sai an hau kujera ba. Ko yaya gida ya matse, a bar wa tsoho ɗan zaure ko dakali a inuwa inda abokai za su same shi, a kuma ware ɗan ɗaki kusa don jika ko mai jinya. Kaɗaici yana karya tsoho kamar yadda cuta ke yi.

Aikin Hakimi Da Malaminsa

Gwamnatin Tarayya ta amince da tsarin kula da tsofaffi na ƙasa a 2021, kuma dokar kare haƙƙin naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta gangara a gine-ginen jama'a. Amma abin da ke faruwa a cikin gidajen mutane, idon hakimi da dagaci da mai unguwa ne ke kai wa gare shi.

Rabon gado aikin alƙali ne da malamai, hakimi ba ya ƙara wa kowa kaso ko ya rage. Abin da ke hannunsa shi ne shawara kan inda katanga za ta bi. Kafin a aza tubali, ya tambaya: wane sashe ne ya fi kusa da ruwa da makewayi da ƙofa? In magada sun yarda, a sa kason tsohuwa a nan. In sun amince ta ci gaba da bin wata hanya ko ɗiban ruwa a wani sashe, malamin hakimi ya rubuta wannan a takarda da sunayen shaidu da kwanan wata, ya ba kowa tasa, ya ajiye ɗaya a ofis, domin alkawarin baki yakan ɓace ran da aka sayar wa baƙo da sashen.

Ana roƙon hakimai su karanta wa dagatai da masu unguwanni wannan jawabi a taronsu na gaba, su kuma kira sarkin magina ya ji, tun da shi da yaransa ne za su yi aikin. Allah ya ba hakimai ikon riƙe wannan amana, ya sa kowa ya yi tsufa mai kyau a ɗakinsa, amin.