Mutuwar Poirot da Hukuncin Masu Karatu

A cikin adabin Ingilishi akwai wani reshe na ƙagaggun labarai da ake kira labarin binciken kisa, wato labarin da ake farawa da gawa, a jera waɗanda ake zargi, sannan a bar wani mai bincike ya kwance ƙullin ta hanyar lura da aiki da hankali. Tsakanin marubucin irin wannan labari da mai karanta shi akwai alkawari wanda ba a rubuta ba amma kowa ya san da shi: ba za a ɓoye wa mai karatu wata alama ba, asirin mai laifi zai tonu kafin shafin ƙarshe, kuma hannun mai binciken ba zai taɓa jini ba. Wannan lacca ta shafi littafin da ya cika sharuɗɗa biyu na farko ya saɓa na uku da gangan, shi ne Curtain na Agatha Christie, wanda aka buga a shekarar 1975, da kuma yadda masu karatu suka karɓe shi.

Hercule Poirot, tsohon ɗan sandan ƙasar Beljiyam da yaƙi ya koro zuwa Ingila, ya fara bayyana ne a littafin The Mysterious Affair at Styles a 1920, daga nan ya fito a littattafai 33 ban da gajerun labarai. Christie ta rubuta ƙarshen rayuwarsa tun a farkon shekarun 1940, lokacin da bama-baman Jamus ke sauka a kan Landan, ta mallaka wa 'yarta Rosalind haƙƙin littafin, aka kulle rubutun a ma'ajiyar banki fiye da shekara 30. Sai da tsufa ya hana ta sabon rubutu ta amince a fito da shi, kuma watanni kaɗan bayan fitowarsa ta rasu, ranar 12 ga Janairu, 1976. Tun kafin littafin ya isa kantuna, jaridar New York Times ta buga ta'aziyyar Poirot a shafinta na farko ranar 6 ga Agusta, 1975, karramawar da ba ta taɓa yi wa mutumin cikin labari ba.

Abin da masu karatu suka fara lura da shi shi ne ƙarfin alƙalamin. Littattafan da Christie ta fitar a ƙarshen rayuwarta, irin su Elephants Can Remember na 1972 da Postern of Fate na 1973, sun yi sako-sako, hira na maimaita kanta, zaren labari na suɓucewa. Sai ga littafi mai tsari da kaifi, domin kuwa aikin mace ce 'yar shekara 50 da 'yan kai, a lokacin da take ganiyarta. Wasu sun yi ƙorafin cewa lissafin shekaru bai daidaita ba, tunda mutumin da ya bar aikin ɗan sanda kafin 1916 da ya haura shekara 100 a 1975, amma wannan ƙorafi bai hana kowa barci ba. Abin da ya fi taɓa zukata shi ne komawa gidan Styles, inda aka fara komai, wanda yanzu ya zama masaukin baƙi mai arha, da dawowar Kyaftin Hastings mai ba da labari, wanda rabon da a ji muryarsa a littafi tun 1937, ga shi matarsa ta rasu, ga amininsa Poirot a keken guragu, ciwon zuciya ya ci ƙarfinsa.

Rigimar gaske tana kan mai laifin da abin da aka yi masa. Poirot ya nuna wa Hastings bayanan kisa guda biyar, kowanne da wanda aka tabbatar ya aikata, ya ce akwai mutum ɗaya da ke bayan dukkansu, kuma yana cikin gidan. Mutumin shi ne Stephen Norton, mai sanyin murya, mai yawo da madubin hangen nesa yana kallon tsuntsaye, wanda ba ya kashe kowa da hannunsa. Sana'arsa ingiza mai kantu ruwa: yakan gano inda ran mutum ya yi rauni, ya jefa kalma guda a daidai lokacin da ya dace, ya koma gefe. Da 'yan maganganu a kan yadda matar wani dattijo, Kanar Luttrell, ke kunyata mijinta a gaban baƙi ya kai dattijon ga harbin ta, Allah ya sa da sauran kwananta. Shi kansa Hastings, wanda masu karatu suka sani da tsarkin zuciya fiye da shekara 50, zuga ta kai shi ga haɗa gubar da zai ba wani Manjo Allerton saboda zaton zai lalata 'yarsa Judith, ya zauna yana jiran mutumin ya shigo, kuma abin da ya cece shi kawai shi ne maganin barcin da Poirot ya zuba masa a kofin cakulan. Littafin da kansa ya danganta Norton da Iago, annamimin wasan kwaikwayon Othello na Shakespeare.

Babu kotun da za ta kama irin wannan mutum, domin doka na hukunta aiki ne da umurni bayyananne, ba raɗa da shaguɓe ba. Saboda haka Poirot, wanda ashe ƙafafunsa lafiya lau suke, keken kuma yaudara ce, ya harbe Norton a tsakiyar goshi, ya shirya ɗakin kamar mutumin ne ya kashe kansa, sannan ya nisanta maganin zuciyarsa daga bakin gado ya bar ajali ya zo. Wata huɗu bayan haka wasiƙar da ta bayyana komai ta isa hannun Hastings.

A nan masu karatu suka rabu. Kashi ɗaya na ganin an ci amanarsu, domin mutumin da ya sha nanata ƙyamar kisa a littafi bayan littafi ya zama mai tuhuma, alƙali da hauni a dare guda, ba shaida, ba kariya. Ɗaya kashin na cewa tun a Murder on the Orient Express na 1934, inda ya bar makasa suka tafi saboda wanda suka kashe ya kuɓuce wa shari'a, an ga alamar cewa Poirot na bambanta doka da adalci. Hujjar kashi na biyu ta fi nauyi, amma ba ta kai ga wanke shi ba, kuma Christie ma ba ta wanke shi ba: a wasiƙar, mutumin da aka sani da yarda da kansa har ya kai ga alfahari ya amsa cewa ba shi da tabbacin ya yi daidai, ya miƙa al'amarinsa ga Ubangiji. Yawancin masu fushi da littafin sun tsallake wannan shakka, alhali a kanta nauyin labarin ya rataya.

Akwai wani abu a littafin da ya shafi Nijeriya kai tsaye, kuma ba ado ba ne. Gubar da ta kashe wata mata a cikin labarin, Barbara Franklin, wato fisostigmin, ana samun ta ne daga waken Kalaba, wanda mijinta likita ke bincike a kansa, kuma wanda Efik suka yi amfani da shi a da wajen gwada wanda ake zargi: in ya amayar ya kuɓuta, in ya mutu laifi ya tabbata. Christie, wadda ta yi aikin haɗa magunguna a asibiti a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, ta san abin da ta zaɓa. Waken yana wakiltar tsohon burin ɗan Adam na samun hukunci inda shaida ta gagara, kuma wannan matsayi ne Poirot ya ba kansa a kan Norton. Ita Barbara kuwa, mijinta ta zuba wa gubar a kofi, Hastings ya juya teburin ba da saninsa ba, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Idan aka kwatanta da Sherlock Holmes, bambancin ya fito fili. Lokacin da Arthur Conan Doyle ya jefa shi a magangarar ruwan Reichenbach a 1893, matsin masu karatu ya sa ya dawo da shi a 1903, domin ba a ga gawa ba. Christie ta toshe wannan ƙofa: an ga gawa, an yi jana'iza, sannan ita ma ta bi bayansa. Ko da iyalanta suka ba Sophie Hannah izinin rubuta sababbin labaran Poirot daga 2014, sai ta mayar da su shekarun baya, ba ta tashe shi daga kabari ba. Muhawarar ta sake tashi a 2013, sa'ad da David Suchet ya fito a fim ɗin talabijin na littafin, ya rufe rawar da ya fara takawa tun 1989, sabon zubin masu kallo suka rabu gida biyu kamar yadda iyayensu suka rabu.

Ga ɗaliban adabi da ke wannan zaure, shawara ita ce kada a fara Christie da wannan littafi. A karanta labarin Styles na 1920 da Murder on the Orient Express na 1934 tukuna, sannan a ɗauki Curtain, domin wanda bai san yadda Poirot ke ƙyamar kisa ba, ba zai iya auna girman abin da ya aikata ba.