Fafaffen Wuyan Jita Da Hannun Mai Goge

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin Gaya da Ajingi



Watakila wasu daga cikinku za su yi mamaki su ji mun zo taron ɗalibai da zancen jitar lantarki, alhali ga matsalolin ilmi da na aikin yi jibge a gabanmu. Muna roƙon ku ku ba mu aron kunnuwanku na ɗan lokaci, domin zancen na kayan kiɗa ne, amma darasin da ke cikinsa ya shafi yadda muke karɓar duk wani abu da ya zo mana daga waje.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Duk wanda ya girma a ƙasar Gaya ko Ajingi ya taɓa ganin mai garaya ko mai gurmi ko mai goge, ko a kasuwa ko a wajen biki. In kun lura da wuyan waɗannan kayan kiɗa, za ku ga sanda ce sumul, babu wata alama da ke gaya wa yatsa inda zai sauka. Haka kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos yake, wanda ya rasu a 2015, haka gurmin Haruna Uji na Haɗeja, haka kukumar Hassan Wayam. Kunnen makaɗi ne ke yi wa yatsansa jagora. Mai goge ma ya fi kowa 'yanci, don shi ba ya danne izgar har ta taɓa sandar. Taɓa ta kurum yake yi a sarari, ya ja sautin sama ko ƙasa yadda muryar mawaƙi ke tafiya.

Wannan kuwa yana da dalili. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kalmar nan "baba" tana iya nufin uba, ko uwa, ko baban rini, gwargwadon yadda murya ta hau ko ta sauka. Waƙar Hausa tana bin wannan hawa da sauka, saboda haka kayan kiɗan da zai raka ta dole ya iya lanƙwasa sauti kamar yadda harshe ke yi.

To, ita jita dabam take. Turawa sun raba tsanin sautinsu gida 12 daidai wa daida, sa'an nan suka gitta 'yan siraran ƙarafa a kan allon wuyan jita, kowane ƙarfe da nasa sautin. Ƙarfe na 12 yana daidai tsakiyar tsirkiya. A jitar nan ta kamfanin Fender mai suna Stratocaster, wadda ta fito a 1954, tsawon tsirkiyar da ke kaɗawa inci 25 da rabi ne, ƙarafan kuwa yawanci 21 ko 22 ne. In makaɗi ya danna tsirkiya, sai ta kwanta a kan ƙarfe, yatsansa kuma ya tsaya a kan katako. Amfanin wannan shi ne ko ɗan koyo zai sami sauti daidai, kuma ana iya haɗa sauti uku ko huɗu su tashi tare da daɗi. Illarsa kuwa ita ce sautin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe ba ya samuwa da sauƙi, sai an ture tsirkiyar gefe da ƙarfin yatsa, fata tana gugar katako.

A nan ne zancen fafe wuya ya shigo. Abin da ake yi shi ne a ɗauki magagari a rarake katakon da ke tsakanin kowane ƙarfe biyu, ya zama ɗan kwari kamar cikin ludayi. Da an yi haka, yatsa ba ya ƙara taɓa katako. Tsirkiya kaɗai yake ji, tana lilo a kan rami. In aka taɓa ta a hankali, sauti ya fito daidai. In aka ƙara dannawa, tsirkiyar ta ƙara miƙewa, sautin ya hau. In aka girgiza yatsa, sautin ya yi rawa. Watau dai an mayar wa mai jita wani yanki na 'yancin da mai goge yake da shi tun fil azal.

Turawa ba su ne farkon masu wannan dabara ba. A Indiya akwai wani tsohon kayan kiɗa mai suna vina, wanda ƙarafansa ke bisa sosai, yatsa ba ya kai wa ga jikinsa. Shi ne John McLaughlin, makaɗin Ingila, ya yi koyi da shi a tsakiyar shekarun 1970, sa'ad da ya sa aka ƙera masa jita mai fafaffen wuya don ya yi kiɗa tare da Indiyawa a ƙungiyarsu mai suna Shakti. A wajen masu jitar lantarki kuwa, Ritchie Blackmore na ƙungiyar Deep Purple ya riƙa fafe wuyan jitocinsa tun cikin shekarun 1970. Bayansa sai Yngwie Malmsteen, mutumin Siwidin da aka haifa a 1963, wanda ya ga irin wannan wuya a jikin wani tsohon kayan kiɗa a shagon gyara inda ya yi aiki yana saurayi. Ya yi suna da shi har kamfanin Fender ya shiga ƙera jita mai ɗauke da sunansa a ƙarshen shekarun 1980.

Amma misalin da ya fi kusa da halinmu yana ƙasar Biyetnam. Harshensu mai karin sauti ne kamar namu, kiɗansu kuma cike yake da jan sauti da lanƙwasa. Da jita ta shigo musu a zamanin mulkin Faransa, makaɗan kudancin ƙasar suka tarar ba ta iya faɗin abin da bakinsu ke faɗi. Wajen shekarun 1930 sai suka rarake wuyanta da zurfi, fiye da yadda Turawa suka yi daga baya, suka sake ɗaurin tsirkiyoyinta. Yau ita ce ƙashin bayan kiɗan wasan kwaikwayonsu na gargajiya, har da ta lantarki, kuma in ka ji ta ba za ka ce baƙuwa ce ba. Sun sassaƙe baƙon kaya ya dace da harshensu, suka bar harshen yadda yake.

Kada kowa ya tashi daga nan ya ɗauka fafe wuya sihiri ne. Yana da sharuɗɗa. Na farko, yana son hannu mai laushi. Wanda ya saba matse wuyan jita kamar ya riƙe ƙotar fartanya, duk sautinsa zai hau ya wuce ƙima, musamman in ya danna tsirkiya uku ko huɗu tare, domin kowane yatsa da ƙarfinsa. Na biyu, ba ya ƙara wa kowa sauri, ko da yake da yawa suna zaton haka saboda sun ga Malmsteen. Saurin daga shekarun gwaji ya zo. Na uku, dannawa tana hawar da sauti ne kawai, ba ta saukar da shi, don haka mai son sautin da ke ƙasa kaɗan sai ya fara daga ƙarfen baya ya hau zuwa gare shi. Na huɗu, katakon da aka fafe ba ya komawa. In aka zurfafa da yawa, ana iya raunana wuyan, ko a kai ga sandar ƙarfen da ke ciki tana riƙe shi kada ya tanƙware. Saboda haka masu hikima sukan gwada a tsohuwar jita, ko su fafe 'yan gidajen ƙarshe kaɗai, kamar yadda kamfanin Ibanez ya yi wa gida huɗu na ƙarshe a jitar Steve Vai a 1987. Ba a fafe gora ranar tafiya, haka nan ba a fafe jita ana gobe biki.

To, ina ruwan Gaya da Ajingi da wannan duka? Ruwanmu babba ne. A yau yawancin waƙoƙin Hausa da ake nadewa a Kano da fiyano ake kaɗa su, sa'an nan kwamfuta ta daidaita muryar mawaƙi ta zauna cif a kan gidajen nan 12 na Turawa. Ba mu ce wannan laifi ba ne, domin ya ciyar da mutane da yawa. Abin da muke tsoro shi ne kunnuwan yaranmu su saba da shi har su riƙa jin kiɗan garaya kamar kuskure. In kunne ya mutu, ajiye gurmi a gidan tarihi ba zai tsinana kome ba.

Maƙwabtanmu sun nuna akwai hanya. Marigayi Ali Farka Ture na Mali, wanda ya rasu a 2006, da ƙaramin goge da molon ƙasarsu mai tsirkiya ɗaya ya fara, sa'an nan ya kwashe wannan hannu ya ɗora a kan jita. A Nijar, Bombino na Agadas da Mdou Moctar sun zaga duniya da jitar lantarki mai magana da harshen Buzaye. Shi Mdou Moctar ma jitarsa ta fari da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta. Su ba su fafe wuya ba, amma manufarsu ɗaya ce da ta mutanen Biyetnam.

Tarihin bakanmu ya ce maƙerin nan mai suna Kano daga Gaya ya taso ya je Dala neman tama, har gari ya ɗauki sunansa. Ashe ke nan sarrafa ƙarfe da katako gadonmu ne, kuma har yau akwai maƙera da masassaƙa a garuruwanmu waɗanda fafe wuyan jita ba zai gagare su ba in aka nuna musu awo.

Daga ƙarshe, ga roƙonmu. Duk wanda ya koma gida hutu, ya nemi mai garaya ko mai gogen da ya rage a garinsu, ya gaishe shi, ya nemi izninsa ya naɗi kiɗansa, ya kuma rubuta sunayen da yake kiran kowane taken. Masu karatun kimiyya da injiniya su auna waɗannan sautuka, mu san ainihin inda suke zaune. Masu koyon jita kuma su zauna gaban waɗannan dattawa kafin su taɓa magagari, domin wanda bai san sautin da yake nema ba, ramin da ya fafe ba zai nuna masa shi ba.