Taliyar cuku da nama: yadda na cire bekon na sa tozo da kilishi

Yau kicin za mu shiga, kuma kar wani namiji ya ce bari ya kashe ya tafi, domin da kai ma nake.

Watanni kaɗan bayan na dawo daga bautar ƙasa, Umma ta kwanta jinya, aka ce ta daina tsayuwa gaban wuta na wani lokaci. Ƙannena mata biyu suna makaranta, sai yamma liƙis suke dawowa. Ni kuwa ina zaune a gida da kwalin digiri, ina jiran aiki. Sati biyu muka yi kowa na cin nasa: wannan ya sayo awara, wancan indomi, Baba ya sha shayi da biredi ya kwanta. Gidan da a da kullum ake haɗuwa bayan Isha, sai ya koma kamar masaukin baƙi. Abin ya dame ni, na ce to ni zan riƙa girkin dare.

Ran nan autarmu ta kawo min waya ta ce, “Yaya, wannan za ka yi mana.” Bidiyo ne na wata taliya fara sol, ta sha madara da cuku, ga niƙaƙƙen nama, ga wasu jajayen yanka a sama. Na ce mata kin san mene ne wannan jan? Ta ce a'a. Bekon ne. Shi kuwa bekon asalinsa naman alade ne, daga ciki ko gadon baya, a sa masa gishiri ya tsumu, galibi kuma a yi masa banda. Don haka a kula, in ka ga an rubuta bekon kawai a jikin leda, na alade ne. Akwai na saniya da na talotalo a wasu manyan kantuna, amma sai ka karanta da kyau, kuma kuɗinsa ba na yara ba ne.

Wannan girki dangin taliyar Italiya ne, amma ya canja a hanya. A birnin Rum akwai wadda suke kira kabonara: ƙwai, cukun madarar tumaki, naman kumatun alade da masoron Turawa, babu kirim ko ɗigo. Akwai kuma Alfiredo, wadda asalinta bota ce da cuku kawai. Zuba kirim da niƙaƙƙen naman sa, wannan aikin gidajen Amurka da Ingila ne. Kun ga ke nan su ma gyarawa suka yi daidai da bakinsu. To mu me zai hana?

Sai na zauna na yi tunanin aikin da bekon yake yi a tukunyar. Abu uku ne: kitse, gishiri, da ƙamshin hayaƙi. Duk muna da su. Tozo yana ba da kitse, kilishi yana ba da gishiri da ƙamshin wuta. Shi ke nan.

Amma fa gwajin farko, wallahi abin kunya ne. Na zuba cuku wuta tana ci bal-bal. Nan take ya dunƙule kamar cingam, mai ya taso sama, madara ta tsinke. Baba ya yi loma biyu, bai ce komai ba, can sai ya ce, “Akwai sauran garin kwaki a gidan nan?” Har yau ƙannena suna min dariyar wannan.

Ga yadda nake yi yanzu, na mutum shida. Makaroni leda ɗaya, giram 500. Niƙaƙƙen naman sa rabin kilo. Tozo kamar cikin tafin hannu, a ce wa mahauci ya yanka shi siri-siri. Kilishi ɗan madaidaici. Albasa babba ɗaya, tafarnuwa guda huɗu, attaruhu biyu. Fulawa cokali biyu. Madarar ruwa ƙananan gwangwani biyu, marar sukari. Cuku mai narkewa irin cheddar, giram 200, a goga shi da abin goga kubewa.

A nan bari in tsaya, domin na san wani zai ce ai muna da cukunmu. Gaskiya ne, akwai cukun Buzaye da ake kawowa daga Nijar, akwai kuma na Fulani da ake haɗawa da ruwan tumfafiya. Suna da daɗi, amma ba sa narkewa, ko ka soya su suna nan yadda suke. Sai dai ka yanka su ƙanana ka watsa a sama. Miyar kanta mai narkewa take so.

Da farko ka sa tozon a tukunya babu mai, wuta kaɗan-kaɗan, har kitsen ya fito, naman ya yi ƙaras-ƙaras. Ka kwashe ka ajiye. A cikin wannan kitsen za ka soya niƙaƙƙen naman. Kar ka yi ta juya shi, ka bar shi ya yi ja ta ƙasa tukuna, a nan daɗin yake. Sai albasa, sai tafarnuwa da attaruhu. Ka barbaɗa fulawar ka juya kamar minti ɗaya, don warin ɗanyenta ya fita. Ita ce za ta riƙe madarar kar ta tsinke.

A gefe kuma makaroninka na dahuwa cikin ruwan gishiri. Ka sauke shi da ɗan sauran ƙarfinsa, domin zai ƙarasa a cikin miya. Kuma don Allah kar ka zubar da ruwan duka, ka ɗebi kofi biyu ka ajiye. Sitacin da ke cikinsa shi ke sa miyar ta kama jikin taliya.

Yanzu ka rage wuta, ka zuba madara da kofi ɗaya na ruwan nan, kana juyawa har ya yi kauri ya kama bayan cokali. Ka juye makaronin a ciki. Sannan, a saurara da kyau, ka kashe wutar gaba ɗaya kafin ka sa cuku. Kaɗan-kaɗan, kana juyawa. In ya yi kauri da yawa, ka ƙara sauran ruwan. Gishiri da dunƙule sai a ƙarshe, bayan ka ɗanɗana, saboda cuku da kilishi duk masu gishiri ne. Kilishin ma a ƙarshe ake marmasa shi a sama tare da tozon. In ka soya shi, ƙulin da ke jikinsa zai ƙone ya yi ɗaci.

Ba zan yi muku ƙarya ba, abincin nan yana da nauyi, a ciki da kuma a aljihu. Ba na kullum ba ne. Mu sau ɗaya muke yi a wata, da salak na kabeji da tumatir a gefe. In akwai mai hawan jini a gida, a zuba masa kaɗan kuma a rage masa kilishin.

Ranar da na yi na uku ne ya fito daidai. Na juye a babban faranti, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Wannan taliyar ba ta jira, in ta huce daskarewa take yi, don haka dole kowa ya fito a lokaci ɗaya. Umma ta fito da sandarta ta zauna. Baba ya ci, ya ƙara, bai nemi garin kwaki ba. Muka kai ƙarfe goma ana hira.

Umma ta warke tuni, alhamdu lillahi, amma daren Juma'a har yanzu nawa ne. Kai da ke saurare, ka zaɓi dare ɗaya a satin nan ka ce wa mahaifiyarka ko ƙanwarka ko matarka ta huta. In cukun ya dunƙule maka, ka san wuta ce ba ka kashe ba, sai ka sake gwadawa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya sa albarka a abin da muke ci.