Me Ke Sa A-Kori-Kura Ta Yi Zafi Wajen Ribas?

Jawabi ga direbobi da yaran mota masu ɗaukar kaya a Sharada, Kano.

Wani direba ya jawo tirela cike da buhunan takin zamani da a-kori-kurarsa Fijo 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Tun daga Bompai har Sharada allurar zafi ba ta motsa ba. Da ya zo shiga sito da baya, kafin ya daidaita tirelar sau uku sai allura ta hau ja, ruwa ya fara tafasa. Ya ce injin ya mutu. Injin bai mutu ba, iska ce ta yanke masa.

Idan mota tana gudu, iska na shiga lagireto ta gaba tana sanyaya ruwa. Wajen ribas kuwa motar rarrafe take yi, direba na taka totur, kaya na da nauyi, ga zafin watan Afrilu da kan wuce digiri 40 a Kano. A lokacin fanka kaɗai ke aiki. In tana da rauni, nan asirinta ke tonuwa.

Saboda haka a fara da fanka. A kashe mota, a danna bel ɗinta da babban yatsa. In ya lotsa da yawa ko ya tsattsage, to yana sulɓewa. Wasu motocin kuma fankarsu ba ta kamawa sai ruwa ya yi zafi. In allura ta hau, fanka ba ta kama ba, a kai wa mai waya ya duba.

Sai lagireto. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ledoji kan toshe ramukansa, a wanke shi daga baya zuwa gaba. Murfinsa ma ba ado ba ne. Ruwa kan tafasa a digiri 100, amma murfi mai lafiya yana matse shi ya wuce haka bai tafasa ba. In robarsa ta cinye, sabo a Ƙofar Ruwa bai kai kuɗin gyaran inji ba. Amma don Allah kada yaron mota ya buɗe murfi da zafinsa. Tururin kan saɓule fatar fuska.

A kuma bambanta wari. In ƙauri ne kamar na ƙonewar birki, allura kuma tana wurinta, kuloci ne ke ci, don direba ya daɗe da rabin ƙafa a kansa. In kuwa salansa na fitar da farin hayaƙi, baƙin mai ya koma kamar koko, gaskit ya ƙone, kada a sake tayar da motar.

Direban nan, bel ɗinsa ne ya saki. Bakanike ya ɗaure shi, aka sauke rabin buhunan, yaron mota ya tsaya a baya yana nuna hannu, tirela ta shiga sito a karo ɗaya.