Jawabi ga jama'ar bakin iyaka

'Yan uwa na Maraɗi, Ƙonni da Damagaram,

A masana'antar zamani, kwamfuta ke haɗa odar mai saye, sito, injuna da lissafin kuɗi wuri guda. Buhu ba ya fita a ɓoye, ɓarawo ba ya samun kafa. Amma tsarin yana son wuta marar ɗaukewa da matasa masu horo. Kun ga duhun 2023 da Najeriya ta yanke mana lantarki. Matatar SORAZ na aiki tun 2011, ga kamfanin siminti a Malbaza. Wa zai zauna gaban na'urorinsu? Ku ba mu ƙuri'arku, mu sa lantarki da makarantun sana'a gaba, 'ya'yanku su huta da tsallaka iyaka neman aiki.